Ni Na Ce Su Zauna

Laraba, da hantsi

Na dawo. Direba ya ɗauko ni daga filin jirgi, bai ce komai ba sai sannu da hanya. Da muka zo mararraba na ce ya bi ta gada. Ya dube ni ta madubi ya ce akwai cunkoso ta can, Onarabul. Na ce ya bi.

Babu cunkoso. Daga gindin gada har inda rafi ya yi kwana, unguwar da aka haife ni ta zama fili. Kwano a lanƙwashe, bulo a farfashe, katifu a kan tarkace, mata suna tono da hannu. Katafila tana gefe a kashe, direbanta ya miƙe ƙafa yana shan shayi. Na nemi shagon Yaya, inda yake aikin kafinta, da ido ban gane wurin ba, domin bishiyar da nake gane shi da ita, ita ma an tuge ta.

Ban sauka daga mota ba. Na rubuta ne don kada gobe in gaya wa kaina wani abu daban.

Laraba, bayan la'asar

Na kira Yaya. Wayar ta shiga, bai ɗauka ba.

Alhamis, da safe

Baban yara ya ce in sa wani abu a cikina ko da shayi ne, wai kada ni ma in rushe. Ya yi dariya shi kaɗai, sannan kunya ta kama shi ya fita. Duk shekarun nan yana koyar da lissafi, har yau bai iya auna lokacin raha ba.

Bari in faɗi abin yadda yake, ko kaina zai daina juyawa. Ni ce shugabar kwamitin raya birane a majalisar jiha. Kafin siyasa a ma'aikatar tsara birane na yi aiki, kuma rafin nan na san shi tun ina wanka a cikinsa. Duk damina sai ya ci gidaje, wata shekara har da yara. Ni na kawo ƙudirin gina babbar magudana, na yi ta bin 'yan majalisa ofis-ofis kamar mai talla har ya zama doka. Ni kuma na dage aka sa sharaɗi cewa ba za a taɓa bangon kowa ba sai an damƙa masa mukullin ɗaki a sabon rukunin gidajen da ake ginawa bayan tashar mota.

Watan jiya aka zo aka shafa jan fenti a bangaye. Hankalin mutane ya tashi, wasu har sun fara neman amalanke. Na kira Kwamishinan ayyuka, ya ce ƙidaya ce kawai, har da rantsuwa. Na tara mutane a filin firamare na ce kowa ya zauna, kada wanda ya cire ko ƙusa ɗaya. Wani daga baya ya ce haka 'yan siyasa suka saba faɗa. Sai Yaya ya miƙe, shi da ba ya magana a taro, da garin katako a gemunsa, ya ce, "Wannan ni na rene ta. Idan ta ce ku zauna, ku zauna."

Suka zauna.

Ranar Litinin Kakakin majalisa ya tura ni babban birni in wakilce shi a wani taro kan biranen gobe. Talata da sassafe katafila ta shiga unguwar. Da hantsi ina kan mumbari ina jawabi kan mutunta talaka wajen gyaran gari, ana ta tafa min, wayata a kashe cikin jaka.

Akwai maganar mai walda. Ba yau ba.

Alhamis, da yamma

Yaya bai ɗauka ba. Matarsa ta ɗauka, ta ce lafiyarsu ƙalau, suna firamaren tare da sauran mutane tunda 'yan makaranta suna hutu. Ta ce ana kiranta, ta kashe.

Juma'a, da rana

Na je ofishin Kwamishina. Aka ce yana taro. Na zauna a ɗakin jira, sanyin na'ura yana shiga min ƙashi, ana ta miƙo min jaridun makon jiya. Da na ga masinja ya fita da jakar Kwamishina ta ƙofar baya, sai na sauka na tare Kwamishinan a matakala.

Bai ji kunya ba, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Ya gaishe ni, ya tambayi maigida da yara. Ya ce umarni ne daga sama, damina ta ƙarato, ɗan kwangila yana barazanar kwashe injinansa. Na tuna masa rantsuwar da ya yi. Ya ce a ranar da ya yi ta gaskiya ce. Na tambaye shi gidajen bayan tasha, ya ce ana kan duba lamarin. Na ce mutum ya mutu. Ya ce ya ji, Allah ya ji ƙansa, gwamnati za ta aika da wakili.

Na riƙe ƙarfen matakala, shi kuwa ya ɗauka gaisuwar sallama nake jira, ya ɗan rusuna ya wuce.

Asabar, da la'asar

Yau na sauka. Na bar direba a gada na taka da ƙafa.

Na san layin magudanar nan kamar tafin hannuna, tare da ni aka auna shi. Daga bakin rafi bai wuce layin gidaje biyu ba. Amma turakun da na gani yau sun haura har bakin titi, sun cinye layin masu shaguna gaba ɗaya, wanda babu ruwansa da ruwa. Shagon Yaya yana cikinsu. Na mai walda ma.

Daga nan na wuce firamare. An tura bencina bango, kowane aji iyalai sun raba shi da zannuwa da buhuna. Tukwane a kan teburin malami, wata tsohuwa kwance ƙarƙashin allo, lissafin yara yana nan a samanta ba a goge ba. Da na shiga hayaniya ta ɗauke. Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni. Wata da muka yi firamaren nan tare ta watsa ruwan wanke-wanke kusa da ƙafata, ta ce ba ta gan ni ba.

Yaya yana bayan aji yana cire ƙusoshi daga katakon da aka tsinto, yana miƙe su da guduma ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗago ba. Ya ce, "Lafiya lau, Onarabul."

Tun da aka zaɓe ni bai taɓa kirana haka ba. Shi ne ma yake yi wa masu kirana haka dariya.

Matarsa ce ta raka ni bakin ƙofa, ta gaya min labarin mai walda, tunda ban tambaya ba. Ya fito da matarsa da 'ya'yansa lafiya. Sai ya koma ɗauko injin waldarsa, wanda da shi yake ci da su. Direban katafila bai san da mutum a ciki ba. Ta nuna min ajin ƙarshe ta ce matarsa tana can, ko zan shiga in yi mata gaisuwa. Na ce zan dawo.

Lahadi, da safe

Na wanke takalmina sau biyu, ƙurar siminti ta ƙi fita daga ɗinkin.

Litinin, bayan azahar

Na kira zaman kwamiti don mu gayyaci Kwamishina ya zo ya yi bayani. Daga ni sai sakatariya sai mataimakina, wanda kowa yake kira Dogo saboda gajartarsa. Sauran kowa da uzurinsa. Wannan surukarsa ba lafiya, wancan motarsa ta lalace a hanyar mazaɓa. Ina jin wanda motarsa ta lalace yana dariya a ofishin da ke kusa da mu.

Da sakatariya ta fita, Dogo ya jawo kujera kusa da ni. Mutumin kirki ne a yadda ake kirki a nan, shi ya kwana biyu yana zirga-zirga a asibiti lokacin da aka yi min aiki. Ya ce in daina wahalar da kaina. Filin da aka ƙara a bakin titi shaguna za a gina a kai, jere guda, masu bene. An riga an yi rabo, kowane ɗan kwamiti da nasa. Ya ce nawa na kan kwana ne, mai ƙofa biyu, domin ni ce shugaba. Ya ce in na ga dama in ba Yayana, ai ya fi wanda ya rasa.

Na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya kama gyara hularsa.

Talata, da hantsi

Mako guda yau. Yaya bai ɗauka ba. Ban san me zan ce ba ma in ya ɗauka.

Laraba, da yamma

Na ga Kakaki. Shi ya ɗauko ni daga ma'aikata ya sa ni siyasa, lokacin da manyan jam'iyya suka ce mace ba za ta ci mazaɓar nan ba. Yakan ce min 'yata, ni kuma Baba nake ce masa in mu kaɗai ne.

Ya sa aka kawo min ruwa, ya kori kowa. Na ce Baba, ina so in gabatar da maganar a zaure gobe. Ya juya zobensa. Ya ce magudanar da na yi wa wahala ga ta za a gina, nan da shekara goma ba wanda zai tuna yadda aka fara, sai dai a ce a zamanin wance ruwa ya daina cin mutane. Ya ce zaɓen fid da gwani ya kusa, kuma akwai masu son kujerata da ba su san inda rafin yake ba. In na fita, wa zai tsaya wa mutanen?

Na ce me ya sa ni ya tura taron nan, alhali ga mataimakinsa zaune.

Ya ce, "Don na san ki. Da kina gari da kin je kin tsaya gaban katafila, da yanzu gawa biyu ake magana."

Ya faɗe shi da tausayi, kuma na yarda tausayin na gaske ne. Shi ya sa na rasa inda zan ajiye shi. Na yi masa godiyar ruwa na fito.

Alhamis, bayan an tashi daga zama

Na ɗaga hannu tun da aka buɗe zama. Kakaki ya dubi dama da ni, ya dubi hagu da ni. Aka yi muhawara mai tsawo a kan launin rigar da masu share titi za su riƙa sawa. Aka taya ƙungiyar ƙwallon jiha murna. Hannuna ya gaji na canza ɗayan.

Da na ga za a ɗage zama sai na miƙe ba izini. Makirufona a mace, na yi magana haka nan. Na faɗi sharaɗin da ke cikin dokar da su da kansu suka amince da ita. Na faɗi turakun bakin titi. Na ce akwai mutum mai 'ya'ya uku da ya koma ɗauko injinsa. Kakaki yana ta buga guduma, na ji kaina ina ƙara kamar mai faɗa a bakin famfo. 'Yan adawa suna buga tebur suna murna, ba don mai walda ba, don sun samu abin kaiwa rediyo. 'Yan jam'iyyarmu kuwa kowa ya sunkuya kan wayarsa. Dogo ya tashi ya tafi banɗaki.

Aka ɗauke sandar majalisa ina tsaye ina magana, zaure ya watse, masu shara suka shigo.

Juma'a, da safe

An yi wa kwamitoci garambawul. Dogo ne sabon shugaban raya birane. Ni an ba ni kwamitin ɗakin karatu na majalisa. Na leƙa ɗakin: rufin yana yoyo, akwai bokiti a tsakiya, da wani dattijo yana barci a kan tsofaffin jaridu. Ya farka ya ce shi bai san ma suna da kwamiti ba.

Asabar, da rana

Auta ta dawo daga darasin hutu ta shige ɗaki ta rufe. Sai da yamma ta gaya wa babanta cewa 'yan ajinsu sun sa mata suna 'yar katafila. Ni ba ta gaya min ba. Ta kawo min abinci ta ajiye, ta ce Mama ki ci, kamar ita ce uwar.

Lahadi, da la'asar

Ruwan farko ya sauka, mai iska. Na tsaya a taga ina kallo. Shekara da shekaru in na ji ƙamshin ruwan farko rafi nake tunawa, in kama kiran mutane a waya. Yau babu gidan da rafin zai ci.

Matar Yaya ta kira da kanta. Kwanon aji biyu ya yaye, sun kwashe yara sun cusa a ofishin hedimasta. Zazzaɓi da gudawa sun fara kama ƙanana, banɗakin makarantar ya cika. Kuma an aiko daga ma'aikatar ilimi cewa hutu ya kusa ƙarewa, su nemi wuri. Ta ce ba Yaya ne ya sa ta kira ba, kada in gaya masa.

Litinin, da safe

Ban fita ba. Ciwon kai.

Talata, bayan azahar

Na je bayan tasha ni kaɗai. Rabona da wurin tun ranar da muka kai ziyarar gani da ido, muka sa hulunan kwano aka ɗauke mu hoto. Benaye biyu an gama su tsaf, da fenti da tagogi, sai dai ba a jawo ruwa da wuta ba. Sauran ko rufi babu. Ciyawa ta fara fitowa a tsakar gidan, kowace ƙofa a kulle.

Maigadi bai gane ni ba, ya ɗauka cikin masu zuwa zaɓe nake. Ya ce in yi sauri, na ƙasa duk an kama, manya suna ta zuwa da matansu suna nuna wanda suke so. Ya ce in na fi son mai kallon gabas akwai saura a sama. Na tambaye shi mutanen bakin rafi fa? Ya ce waɗanne?

Na zauna a matakala na daɗe. Ƙamshin sabon fenti har yanzu yana hancina.

Laraba, da yamma

Na gaya wa baban yara abin da nake so in yi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce in na yi, kujera ta tafi, wannan ba sai an yi lissafi ba. Ya ce shi ma makarantar gwamnati yake, sun san inda za su same shi. Ya ce yana tsoro, kuma ba zai ɓoye min ba. Ya tambaya ko don mutanen zan yi ko don Yaya ya sake kallona. Na ce ban sani ba. Ya ce to, ɗakin dai ba zai tambayi dalili ba, in ruwa ya zo zai tare shi.

Bai ce in yi ba, bai ce in bari ba. Ya tashi ya duba ko akwai mai a mota.

Alhamis, da hantsi

Na samu Yaya yana gyara kwanon da iska ta yaye. Na jira ya sauko. Na ce ina neman kafinta wanda zai iya buɗe ƙofa ba tare da ya fasa ta ba, ƙofofi da yawa, da rana tsaka. Ya gane. Ya daɗe yana goge hannu a rigarsa.

Ya ce, "Zan buɗe. Amma ba zan sake tsayawa in ce ƙanwata ta ce ba. Ke za ki faɗa musu da bakinki, kuma ki gaya musu ba ki da tabbas."

Na tsaya a filin nan dai, a wurin da na tsaya wancan karon. Na ce gidajen bayan tasha doka ta ce nasu ne, amma ana shirin ba wa wasu. Na ce jibi da safe zan je in tsaya a ƙofa, wanda ya ga dama ya zo da kayansa. Babu ruwa, babu wuta, ɗakunan ba za su ishi kowa ba. Ana iya korarsu washegari, ana iya dukansu, kuma ni yanzu ba ni da ikon hana ko ɗan sanda ɗaya. Wanda ya yi min magana daga baya wancan karon ya ce yau dai na yi kama da mai gaskiya, amma shi ya gama bin bayana. Mutane da yawa suka tashi tare da shi. Ban ga laifinsu ba.

Na sake wucewa ta gaban ajin ƙarshe. Na sake kasa shiga.

Asabar, da magariba

An shiga.

Sun zo da amalanke da baro da kaya a ka, suka bi ta tsakiyar tasha mutane suna kallo. Na sa alamar majalisa a ƙirji, karo na farko da ta yi min amfani. Maigadi ya dubi taron ya dube ni, ya ce don Allah in an tambaya in ce ture shi na yi. Na ɗora hannu a kafaɗarsa na ɗan tura, ya koma gefe ya zauna a bencinsa.

Yaya ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya da sukurdireba, yana kwance mukullai yana jera su a taga, ko fenti bai kankare ba. Mata suka tsara rabon da kansu: masu jarirai da tsofaffi a ƙasa, iyali biyu a ɗakin da aka yi don ɗaya. An yi cacar baki, an yi kuka, wata ta zauna a tsakar ɗaki ta ce sai dai a fitar da gawarta. Tsohuwar nan ta ƙarƙashin allo aka shigo da ita a baro, tana tambaya ko asibiti ne.

'Yan sanda sun zo da rana. Babbansu ya ce in ba da hanya. Na ce ba zan ba da ba, na karanta masa sharaɗin dokar da ƙarfi, 'yan jarida suna ɗauka. Ya koma mota ya daɗe yana waya, ya dawo ya ce shi ba zai harba hayaƙi cikin jarirai a gaban kyamara ba, amma in sani wannan ba ƙarshen maganar ba ne. Na ce na sani.

Ɗakuna suka ƙare da sauran mutane a tsakar gida. Yaya bai ɗauki ko ɗaya ba, shi da matarsa suka kafa rumfa a benen da ba a rufa ba. Ɗaki guda ya mayar wa mukulli, a ƙasa kusa da ƙofa, ya ce na matar mai walda ne. Ba ta zo ba.

Da zan tafi ya ce in je gida in ci abinci, na yi kama da mara lafiya. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Litinin, da yamma

Majalisa ta dakatar da ni sai abin da hali ya yi. Wannan karon an samu kowa ya halarta, Dogo ne ya goyi bayan ƙudirin. 'Yan sanda sun gayyace ni na je na ba da bayani. Gwamnati ta kai ƙara kotu a fitar da mutanen, ranar Alhamis za a saurara. Lauyar da ta yarda ta tsaya mana ta ce dokar tana gefenmu, sai dai kada in sa rai da yawa.

An mayar da baban yara wata makaranta a can iyakar jiha, inda mota ba ta zuwa da damina. Ya ce ya ji yaran can ma ba su iya lissafi ba, aiki bai canza ba. Yana haɗa littattafansa a kwali ya juya min baya, na bar shi.

A mazaɓa shugabannin jam'iyya sun riga sun ɗaga hannun wani. Kakaki bai kira ba.

Talata, da hantsi

Na bi ta gada. An fara haƙa harsashi a bakin titi, inda shagunan za su tsaya. Wajen magudanar ba a taɓa ba tukuna.

Laraba, bayan azahar

Matar Yaya ta kira da safe ta ce matar mai walda za ta koma garinsu yau, ta ƙi ɗakin. Na sa gyale na tafi tasha, ban tsaya tunani ba, domin in na tsaya ba zan je ba.

Na same ta zaune kan ƙullin kaya, da yaran uku. Yarinya ce ashe, ba ta girmi babbar 'yata da yawa ba. Na durƙusa a gabanta cikin taɓon tasha na yi mata gaisuwar da ya kamata in yi tun makonnin baya. Ta amsa yadda ake amsawa. Na ce ɗakin yana nan, Yaya ya riƙe mata mukulli. Ta ce ta gode, amma da me za ta ci da yara a ɗakin? A gida aƙalla akwai gonar babanta.

Na fara cewa wani abu game da diyya da kotu. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, ba da faɗa ba:

"Na san ba ke kika turo katafila ba. Amma ranar da aka shafa fentin nan ya samo wanda zai kwashe masa injin zuwa gidan ƙaninsa, har sun yi ciniki. Da ya dawo daga taronku sai ya ce a bari."

Na ce haka ne.

Kwandasta ya kira, na taya ta ɗaukar ƙulli ɗaya har bakin mota, ba ta hana ni ba. Suka samu kujerar taga. Da motar ta fara tafiya ƙaramin yaron, wanda bai san ko ni wace ce ba, ya ga ina tsaye ina kallonsu, ya ɗaga min hannu yana dariya. Na ɗaga nawa. Uwar ta kama hannunsa a hankali ta sauke shi kan cinyarta.